ZARRA DA HARUFFANTA: TARIHIN YADDA MASANA SUKA KOYI RUBUTA SINADARAI



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan malamin Hausa da maganar sinadarai? Amsata ita ce, abin da zan yi magana a kansa rubutu ne da raɗa suna, waɗannan kuwa gonarmu ce mu masu nazarin harshe. Duk wanda ya zauna a ajin sakandare ya haddace cewa ruwa shi ne H₂O, gishiri kuwa NaCl. Haka muka haddace su, kamar yadda yaro ke haddace allonsa tun bai san fassara ba, ba wanda ya gaya mana wa ya fara rubuta su haka, ko kuwa don me. Alhali kuwa haruffan nan biyu da lamba ɗaya da ke cikin H₂O sai da aka yi fiye da shekara dubu biyu ana gardama kafin a iya rubuta su. Tarihin wannan gardama nake so mu bi yau, sa'an nan mu ga abin da ya shafe mu a ciki.

Kafin mu shiga, bari mu daidaita kalmomi huɗu da zan yi ta amfani da su. Sinadarin asali shi ne abin da ba a iya warware shi a fid da wani abu daban daga cikinsa ta hanyar ƙonawa ko narkarwa ko jiƙawa, kamar zinariya ko farar wuta. Zarra ita ce ƙwaya mafi ƙanƙanta ta sinadarin asali. In zarra biyu ko fiye suka riƙe juna, sun zama ƙulli. Fomula kuwa ita ce rubutun da ke faɗin waɗanne zarra ne ke cikin abu, kuma guda nawa-nawa.

Gardamar Girkawa

Tambayar da aka fara da ita mai sauƙi ce. In ka ɗauki dutse ka raba shi biyu, ka sake raba rabin, ka yi ta yi haka nan, shin za ka kai inda rabuwa ta ƙare, ko kuwa abin ba shi da iyaka? Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), wani masani na garin Abdera a ƙasar Girka, mai suna Demokiritas, ya bi ra'ayin malaminsa ya ce lalle akwai iyaka. Ya kira wannan ƙwaya ta ƙarshe atomos, watau abin da ba ya yankuwa, ya ce ba kome a duniya sai irin waɗannan ƙwayoyi da sararin da suke yawo a ciki. Wasu kuma suka ce a'a, asalin kome abu huɗu ne: ƙasa da ruwa da iska da wuta. Aristo, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya goyi bayan masu abu huɗu, ya ƙara da cewa ɗabi'u huɗu ne ke sarrafa su, zafi da sanyi da danshi da bushewa.

Ba Demokiritas ba Aristo, ba wanda ya ɗora kome a sikeli. Hujja ce ta baki, wanda ya fi suna kuwa shi ya yi rinjaye. Amma ku lura da abin da ra'ayin Aristo ya haifar. In har dalma da zinariya duk daga abu huɗun nan suke, bambancinsu na gauraye ne kawai, to ashe wanda ya san sirrin gaurayen zai iya mai da dalma zinariya. A kan wannan zato aka gina sana'ar alkimiya.

Malaman Musulunci da alkimiya

Kalmar kimiyya da muke amfani da ita yau daga Larabci muka aro ta, asalinta kuwa sunan wannan sana'a ce. A zamanin daular Abbasiyya aka fassara littattafan Girkawa a Bagadaza, gardamar ta koma Larabci, ta kuma rabu gida biyu. Malaman tauhidi na mazhabar Ash'ariyya, irin su Alƙali Baƙillani wanda ya rasu a 1013, sun tsaya a kan cewa jiki yana haɗuwa ne daga ƙwayoyin da ba su rabuwa, suka kira irin wannan ƙwaya jauharul fardi. Ashe ke nan almajirin zaure da ya yi nisa a littattafan tauhidi ya riga ya ji ƙamshin maganar zarra tun bai taka makarantar boko ba. Ita kanta kalmar zarra, a tsohon Larabci ƙaramar tururuwa take nufi, ko ƙurar nan da ake gani tana yawo cikin hasken rana in ya shigo ta taga. Daga baya ne aka ɗora mata ma'anar da muke ba ta a wannan lacca.

Gida na biyu shi ne na masu tukunya da murhu. Littattafan da ake dangana wa Jabiru ɗan Hayyanu, wanda aka ce ya zauna a Kufa cikin ƙarni na 8, sun koyar da cewa kowane ƙarfe ɗa ne na farar wuta da zaiba. Abubakar Arrazi, likitan nan da ya rasu wajen 925, ya tsara abubuwan da ke ɗakin gwajinsa aji-aji: na dabba, na tsiro, na ƙasa, ya kuma kasa na ƙasa kashi shida. Mutanen nan sun gwanance da tacewa da turarawa da ƙafewa, kayan aikinsu kuma su Turawa suka gada. Tun a lokacin akwai masu shakka. Ibn Sina ya ce iyakar abin da mai alkimiya zai iya shi ne ya rina ƙarfe ya yi kama da zinariya, Ibn Haldun kuma ya soki sana'ar a cikin Muƙaddimarsa.

Babban ciwon alkimiya, a wurin Larabawa da Turawan da suka gaje su, shi ne ɓoye suna. Mai neman zinariya ba ya son maƙwabcinsa ya riga shi, don haka sai ya rubuta littafinsa da zaurance. Ƙarafa bakwai da aka sani an ba kowanne alamar wani abu na sama: zinariya rana, azurfa wata, baƙin ƙarfe Mirriku, jan ƙarfe Zahara, dalma Zuhalu, da sauransu. Abu ɗaya sai ya yi suna goma, suna ɗaya kuma ya hau kan abu goma. Ilmin da aka rubuta haka ba ya gaduwa, kowane almajiri sai ya koma farko. Abin da akan samu ma sau da yawa tsintuwa ce. A 1669 wani Bajamushe a Hambug, Hennig Brand, ya yi ta dafa fitsari yana neman zinariya, sai ya sami wani farin abu mai haske cikin duhu. Fosforas ke nan, wanda yau muke saye a cikin takin zamani.

Sikeli da suna

A 1661 Robert Boyle na Ingila ya buga littafi yana tuhumar maganar abu huɗu, ya nemi a daina karɓar kome sai an gwada. Amma wanda ya kafa harsashin da muke kai yau Bafaranshe ne, Antoine Lavoisier, wanda mutanensa ke furtawa Labuwaziye. A zamaninsa masana sun yarda cewa in abu ya ƙone, wani sinadari ne ke fita daga cikinsa. Matsalar ita ce, in an gasa ƙarfe ya zama gari, garin yakan fi ƙarfen nauyi. Yaya abu zai yi hasara kuma ya ƙara nauyi? Labuwaziye ya zuba zaiba a cikin kwalba rufaffiya, ya yi kwana goma sha biyu yana gasa ta. Wani jan gari ya taru a kan zaibar, iskar da ke ciki ta ragu. Ya kwashe jan garin ya ƙara masa wuta, sai ga zaibarsa ta dawo, ga kuma iskar da ta ɓace. Ita ce iskar da Joseph Priestley ya samu a Ingila a 1774 bai gane matsayinta ba. Ashe ƙonewa haɗuwa ce da wani sashe na iska, kuma in an auna kome da kome kafin gwaji da bayansa, nauyin bai ƙaru ba, bai ragu ba. A 1783 ya nuna cewa shi kansa ruwa haɗi ne na iska iri biyu. Iska ta rabu, ruwa ya rabu, ginin Aristo ya rushe.

Abin da ya biyo baya shi ya fi jan hankalina. Labuwaziye ya ga cewa gyaran ilmi ba zai yiwu ba sai an gyara harshensa. Sunayen da ya tarar sun haɗa da man shanun kwalli, da furen tutiya, da sukarin dalma. Na farkon ba mai ba ne, na biyun ba fure ba ne, na ukun kuwa guba ce mai zaƙi. A 1787 shi da abokansa uku suka buga sabon tsarin raɗa suna, bisa ƙa'ida guda: sunan haɗaɗɗen sinadari ya faɗi abin da ke cikinsa. A 1789 ya fitar da littafinsa na koyarwa da jerin sinadaran asali 33. Matarsa, Marie-Anne, ita ta zana hotunan kayan gwajin, ita ce kuma ke fassara masa rubuce-rubucen Ingilishi.

Bai tsira daga kuskure ba. Ya sa haske da zafi a cikin jerin nasa. Sunan oksijin da ya raɗa yana nufin mai haifar da tsami, don yana zaton kowane ruwan asid yana ɗauke da ita, sai a 1810 Humphry Davy ya nuna akwai asid da ba ta cikinsa. Hausawa sun ce suna linzami, to wannan linzami ya riga ya shiga baki, har yau da shi ake ja. Shi kuwa Labuwaziye, da yake yana cikin kamfanin masu karɓar wa sarki haraji, 'yan juyin juya hali suka sare kansa a Faris ran 8 ga Mayu, 1794.

Dalton da Barziliyus

Da sikeli ya zama alƙali, sai aka lura da wani abin mamaki. Tsabtataccen ruwa, ko daga ina aka ɗebo shi, in an warware giram 9 za a sami giram 8 na oksijin da giram 1 na haidirojin. Haka kuma giram 3 na kabon, watau sinadarin gawayi, yakan haɗu da giram 4 na oksijin ya ba da wata iska, ko ya haɗu da giram 8 ya ba da wata dabam. Huɗu ko takwas, ba a samun biyar da rabi. Me ya sa?

Wanda ya amsa malamin makaranta ne a Mancesta, John Dalton, ɗan masaƙi, wanda ya fara koyarwa tun yana shekara goma sha biyu. Ya ce abin da ke zuwa da lissafin ɗaya, biyu, uku, lalle ƙidayuwa yake yi, abin da ke ƙidayuwa kuwa ƙwayoyi ne. Kowane sinadarin asali yana da irin zarrarsa, mai nauyinta na kanta, kuma zarra ba ta shiga haɗi rabi-rabi. Iskar farko zarrar kabon ɗaya ce da ta oksijin ɗaya, ta biyun kuwa kabon ɗaya da oksijin biyu. Ya tsara jerin nauye-nauyen farko a 1803, ya buga littafinsa a 1808. Maganar Demokiritas ta dawo, amma wannan karo da sikeli a hannunta.

Dalton ya ƙago alamominsa, duk da'irori. Oksijin da'ira ce fayau, haidirojin da'ira mai ɗigo a tsaka, kabon da'ira baƙa ƙirin. Suna da kyan gani, amma kowace sai maɗaba'a ta sassaƙa mata hatimi na musamman. Mu da muka san wahalar da ƙ da ɗ da ɓ suka sha a hannun masu keken rubutu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mafita ta zo daga Suwidin. A 1813 da 1814 Jakob Barziliyus ya ba da shawara a yi amfani da haruffan da kowace maɗaba'a ke da su: a ɗauki harafin farko na sunan sinadari a Latin, in ya yi karo da wani a ƙara harafi na biyu ƙarami. Kowace alama kuma tana wakiltar zarra ɗaya, lamba ta faɗi yawanta. Shi a sama yake ɗora lambar, Jamusawa ne daga baya suka sauko da ita ƙasa. Dalton ya ƙi wannan tsari har ya rasu a 1844, amma duniya ta bi Barziliyus.

Ku duba hikimar zaɓen Latin. A lokacin ba wata al'umma da ke magana da shi a gida, saboda haka ba wanda zai ce an fifita harshen wani. Yaron Ingila da ke ganin Fe a madadin baƙin ƙarfe, ko Au a madadin zinariya, ko Pb a madadin dalma, baƙo ne a wurin kamar yadda yaron Gumel yake baƙo, domin ba ɗaya daga cikinsu da ya yi kama da sunan abin a Ingilishi.

Taron Karlsruhe da jadawalin Mendeliyef

Samun haruffa bai kashe gardama ba. Dalton ya ɗauka ruwa zarra ɗaya ce ta haidirojin da ɗaya ta oksijin, watau HO. Tun 1811 wani Ba'italiye, Amedeo Abogadaro, ya nuna hanyar gyara. An riga an auna cewa mudu biyu na iskar haidirojin ke haɗuwa da mudu ɗaya na oksijin. Ya ce in zafi da matsi ɗaya ne, mudun kowace iska yana ɗauke da ƙulli adadi ɗaya, saboda haka ruwa H₂O ne. Aka yi kusan shekara hamsin ba a saurare shi ba. Rikicin ya kai har wani littafin koyarwa na Jamus ya jera fomula 19 da masana dabam-dabam ke rubuta wa sinadarin tsami guda ɗaya, wanda ke cikin ruwan kal.

A watan Satumba na 1860 masana wajen 140 suka taru a garin Karlsruhe na Jamus don su daidaita rubutunsu. Wanda ya san tarurrukan daidaita rubutun Hausa, na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, ya san yadda irin wannan zama yake: kowa ya zo da nasa, kowa na ganin nasa ne daidai. An tashi ba a cim ma matsaya ba. Sai dai a ranar ƙarshe an rarraba wata 'yar takarda ta Stanislao Kannizaro, wadda ta bayyana hanyar Abogadaro dalla-dalla, mutane suka karanta a hanyar komawa gida. Cikin 'yan shekaru nauye-nauyen zarra suka daidaita: haidirojin 1, kabon 12, oksijin 16.

Cikin mahalarta akwai wani saurayi daga Rasha, Dimitiri Mendeliyef. A 1869, yana rubuta wa ɗalibansa littafi a jami'ar San Fitasbag, ya rasa yadda zai jera musu sinadarai 63 da aka sani. Da ya bi su daga marar nauyi zuwa mai nauyi, sai ya ga halayensu suna zagayowa kamar yadda ranar kasuwa ke zagayowa: bayan 'yan gidaje sai ka sake cin karo da mai irin halin na baya. Ya jera masu hali ɗaya a layi ɗaya. Inda lissafi bai cika ba ya bar gurbi, ya ce akwai mai gidan, ba a dai gano shi ba tukuna, har ya faɗi nauyinsa da halinsa. A 1875 wani Bafaranshe ya gano galiyam, ya auna ya ce ya fi ruwa nauyi sau 4.7. Mendeliyef, wanda bai taɓa ganin ƙarfen ba, ya aika masa cewa ya sake aunawa, kamata ya yi ya kusa 5.9. Aka tace aka sake aunawa, aka sami 5.9. Sikandiyam ya biyo baya a 1879, jamaniyam a 1886, kowanne ya shiga gurbin da aka bar masa.

Abin da ba ya yankuwa ya yanku

Sunan da Demokiritas ya raɗa shi ma bai tsira ba. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilektaron, ƙwayar da ta fi zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan dukan nauyin zarra yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya. In da zarra za ta kai faɗin filin ƙwallo, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyarsa ba. A 1913 Henry Moseley ya gano cewa kowane sinadari yana da lambarsa, wadda daga baya aka gane ita ce yawan firoton da ke cibiyarsa: haidirojin 1, kabon 6, oksijin 8, baƙin ƙarfe 26, zinariya 79, yuraniyam 92. Wannan lamba ita ce ainihin abin da jadawalin Mendeliyef ke bi. Shekara biyu bayan haka aka harbe Moseley a yaƙin Galifoli, yana da shekara 27. Daga nan aka fahimci dalilin lambar nan 2 da ke cikin H₂O: zarrar oksijin tana da gurbin ilektaron biyu, kowace zarrar haidirojin kuwa ɗaya take kawowa.

A ƙarshen 1938 aka fasa cibiyar yuraniyam a Balin, a 1945 aka jefa bam ɗinsa a Hiroshima, akasarin ma'adinin da aka yi aikin da shi kuwa daga Kwango aka haƙo shi. A 1971 aka fara fitar da yuraniyam a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Burin masu alkimiya ma ya cika ta wata fuska, domin a 1980 masana a Amurka sun mai da wani ƙarfe zinariya, sai dai adadin da ido ba ya gani, da kuɗin da ya ninka darajarta ba iyaka. Jadawalin ya kai gida 118, an raɗa wa huɗun ƙarshe suna a 2016.

Mu da waɗannan haruffa

Yanzu bari mu dawo gida, mu fara da kanwa. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗauko ta daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi. Irinta ce mutanen Masar na dā ke haƙa, Larabawa suka kira ta naɗrun. Daga wannan kalma aka sami natrium, daga nan aka sami Na, alamar sodiyam, ƙarfen da Davy ya fara warewa da lantarki a 1807. Haka kuma K, alamar fotasiyam, daga kalium take, ita kuwa daga ƙali, sunan tokar tsiro a Larabci. To ga abin lura. A Ingilishin ƙasar nan ana kiran kanwa potash, sunan da ke nuna fotasiyam, alhali akasarin abin da ke cikinta gishirin sodiyam ne, dangin Na₂CO₃. Mai fotasiyam na gaskiya shi ne ruwan tokar da iyayenmu mata ke tarara don miya da sabulu, K₂CO₃. Sunan kasuwa ya ruɗe mu, fomula ta warware.

Namu sunayen ma suna da irin wannan ruɗani. Tagulla wani lokaci jan ƙarfe ake nufi, wani lokaci gaurayensa da tutiya. Dalma takan hau kan kuza, har garin masu narka kuza a ƙasar Bauchi aka kira shi Liruwen Dalma. Ba mu kaɗai ba ne, Rumawa ma farar dalma suke ce wa kuza. Amma Sn daban, Pb daban, bambancin kuwa na rai da mutuwa ne. Yawancin kwallin da aka auna a ɗakunan gwaji an tarar PbS ne, watau dalma da farar wuta, shi muke sa wa jarirai a ido. A 2010, a wasu ƙauyukan Zamfara, dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ya zo da dalma, yara wajen 400 suka rasu.

Ga ma'aikacin gona kuma. Takin yuriya fomularsa CO(NH₂)₂. Kabon 12, oksijin 16, naitirojin biyu 28, haidirojin huɗu 4, jimla 60. Kashi 28 cikin 60 ya kama kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari, shi ne 46 ɗin da ke jikin buhu. Ashe buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na abincin da shuka ke nema. Jami'in da ya iya wannan lissafi na minti biyu ya san abin da yake sa hannu a saya wa manoma. Ma'aikacin lafiya kuma ya san iskar nan biyu na Dalton. CO₂ ita muke fitarwa in mun yi numfashi. CO kuwa ita ke tashi daga gawayi ko janareta a ɗaki rufaffe, ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. In kuma ka rubuta Co da ƙaramin harafi, ka koma maganar wani ƙarfe mai suna kobal. Ɗalibin da ya san tazarar da ke tsakanin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, ba zai raina wannan ba.

Kammalawa

Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje na zauna gida ɗaya da wani Bajamushe mai nazarin sinadarai. A bakinsa na fara jin cewa su ba su cewa oksijin, Sauerstoff suke cewa, watau sinadarin tsami, haidirojin kuma Wasserstoff, sinadarin ruwa. Da harshen uwarsa ya koyi ilmin tun daga firamare har digiri na uku, amma in ya ɗauki alli, O da H yake rubutawa kamar kowa. Tsarin Barziliyus ya raba aiki biyu: alama ta duniya ce, ba mai taɓa ta, suna kuwa na kowane harshe ne.

Saboda haka aikin da ke gabanmu a bayyane yake. Inda muke da suna tsayayye, kamar zinariya da azurfa da zaiba da farar wuta, mu riƙe shi mu ɗora masa alamarsa. Inda suna ɗaya ya hau kan abu biyu, kamar dalma da tagulla, malaman harshe da na sinadarai su zauna da maƙera da masu sayar da kanwa, a tsai da kowane suna a kan abu guda, a rubuta. Inda ba mu da suna, mu ara mu daidaita shi da bakinmu, kamar yadda Turawa suka ari naɗrun da ƙali ba su ji kunya ba. Ku kuma ɗalibai, in kun koma aji kun ga H₂O a allo, ku tambayi malaminku yadda aka san biyu ne ba ɗaya ba. Dalton kansa bai sani ba, kuma amsar tana cikin mudu biyu da mudu ɗaya da na ambata ɗazu.